Baƙon da ya shekara goma bai tafi ba: tarihin Pine Street Inn na birnin Boston

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa kudancin birnin Boston a Amurka, zai hango wata doguwar hasumiya mai ruwan ɗorawa, wadda aka gina a farkon shekarun 1890 aka kwaikwayi irin hasumiyoyin tsofaffin biranen Italiya. Asalin ginin hedkwatar 'yan kwana-kwana ne. Tun daga 1980 kuma ya koma hannun wasu masu kwana na daban, wato mutanen da ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu idan dare ya yi. Nan ne cibiyar Pine Street Inn, ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, kuma mafi girma a duk yankin arewa maso gabashin ƙasar da ake kira New England wajen kula da marasa matsuguni.

Abin da ya sa tarihinta ya cancanci a baje shi a faifai ba girmanta ba ne. Ƙungiya ce da ta shafe shekaru tana yin abu ɗaya da zuciya ɗaya, daga baya ta zauna ta ƙirga aikinta, ta gano cewa alherin da take yi yana hana mutane mutuwa amma ba ya fitar da su daga halin da suke ciki. Ba kowace ƙungiya ce ke iya haɗiye irin wannan gaskiya ba.

Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan titi mai suna Pine a gefen unguwar Sinawa ta Boston. A kan titin akwai wani tsohon masauki mai suna Rufus Dawes Hotel, wanda Charles Dawes, mutumin da daga baya ya zama mataimakin shugaban Amurka, ya gina don tunawa da ɗansa da ya nutse a ruwa a 1912. Ya gina ɗaya a Chicago, ɗaya a Boston, domin mazan da ba su da galihu su samu wurin kwana da ɗan kuɗi kaɗan. A 1969 wata ƙungiyar limaman coci na cikin birni ta karɓi ragamar wurin, aka ɗora Paul Sullivan a kan aikin. Shi kansa Sullivan tsohon mashayi ne da ya daina, don haka ya san ciwon daga ciki. Mazan da ke kwana a wurin a lokacin sun kai kimanin 200, yawancinsu dattawa ne da giya ta ci ƙarfinsu.

Abubuwa biyu Sullivan ya kafa waɗanda har yau ake tafiya a kansu. Na farko, ba a korar mutum don ya zo a buge. Masaukai da yawa na wancan zamani, musamman na mishan, sai ka zo garau, wani lokaci ma sai ka zauna ka saurari wa'azi kafin a ba ka miya da gado. A Pine Street sharaɗin shi ne kada ka shigo da kwalba ko makami, kada ka tada fitina. Dalilin a fili yake ga wanda ya san sanyin garin. Hunturun da muke kuka da shi a watan Janairu wasan yara ne a kan na Boston, inda ruwa ke daskarewa a kan titi na tsawon makonni. A farkon Fabrairun 2023 ma'aunin sanyi ya sauka har zuwa digiri 23 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. Mashayin da aka rufe wa ƙofa a irin wannan dare, gawarsa za a tsinta da safe.

Na biyu shi ne suna. Ba a kiran masu kwana a wurin mabarata ko marasa lafiya ko masu neman taimako. Baƙi ake ce musu, kuma wurin ma sunansa masauki. Magana ce ta mutunci, kuma Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan darajar baƙo. Sai dai kalmar tana ɗauke da wani zato a cikinta. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, hantsi na yi ya tafi. An gina masaukin a kan tunanin cewa mutum zai kwana biyu, ya farfaɗo, ya kama gabansa. A nan gizo ya yi saƙa, kamar yadda za mu gani.

Kafin nan, yana da kyau a fahimci daga ina waɗannan mutane suka fito, domin ba daga sama suka faɗo ba. Tsakiyar ƙarni na 20 Boston cike take da gidajen haya na ɗaki ɗai-ɗai, musamman a unguwar South End. Ɗaki ne ƙarami, gado da kujera, banɗaki na tarayya a ƙarshen baranda, ana biya mako-mako. Ba wurin alfahari ba ne, amma lebura, ko tsohon soja, ko gwauron da ke karɓar ɗan fansho, ko mai taɓin hankali da danginsa suka gaji da shi, duk suna iya biya. Sai hukuma ta zo da shirin sabunta birni. A ƙarshen shekarun 1950 aka rushe unguwar West End kusan gaba ɗaya, a farkon shekarun 1960 aka share dandalin Scollay don gina ofisoshin gwamnati. Ragowar gidajen South End kuma masu kuɗi suka riƙa saye suna gyarawa suna mai da su gidajen iyali guda. Ɗakunan talaka suka riƙa ɓacewa da dubbai, ba a gina madadinsu ba.

A daidai wannan lokaci aka fara kwashe mutane daga manyan asibitocin mahaukata na jihohi. A 1955 mutum fiye da rabin miliyan ne ke tsare a irin waɗannan asibitoci a faɗin Amurka, a yanayin da sau da yawa ya fi kama da kurkuku. A 1963 shugaba John Kennedy ya sa hannu a dokar da ta yi alƙawarin gina cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, domin a riƙa duba mutum yana zaune cikin jama'a. Niyyar tana da kyau. An cika rabin alƙawarin: an sallami mutanen, amma cibiyoyin da aka gina ba su kai yawan da aka tsara ba, kuɗin gudanar da su ma bai ɗore ba. Ƙara da sojojin da suka dawo daga yaƙin Vietnam da raunin jiki da na zuciya, da rage kuɗin gina gidajen talakawa da gwamnatin tarayya ta yi a farkon mulkin Ronald Reagan, sai layin da ke ƙofar Pine Street ya canja kama. Ba dattawa mashaya kaɗai ba kuma. Ga matasa, ga masu jin muryoyin da ba wanda ke ji, ga mata.

Maganar mata tana da nata labarin. Wata 'yar gwagwarmaya mai suna Kip Tiernan ta lura cewa akwai matan da ke shigar maza, su ɓoye gashinsu a hula, don su samu abinci a wuraren da aka tanada wa maza kawai. Wannan ne ya sa ta buɗe Rosie's Place a 1974, masauki na farko a Amurka da aka keɓe wa mata marasa matsuguni. Pine Street ba ta buɗe sashen mata ba sai a 1980, lokacin da ta koma tsohon ginin 'yan kwana-kwana a titin Harrison.

Shekarun 1980 su ne lokacin bunƙasar masaukai, a Boston da sauran biranen ƙasar. A 1983 jihar Massachusetts, ƙarƙashin gwamna Michael Dukakis, ta yi dokar da ta bai wa iyalai masu yara da mata masu ciki haƙƙin samun matsuguni daga gwamnati. A lura, dokar ba ta haɗa da baligin da yake shi kaɗai ba, kuma irin waɗannan ne baƙin Pine Street. A 1987 majalisar tarayya ta zartar da dokar McKinney, wadda ta zama babbar hanyar farko da kuɗin tarayya ke bi zuwa wannan fanni. Kuɗi suka shigo, gadaje suka ƙaru, masu bukata suka fi gadajen ƙaruwa. Akwai daren da mutane ke kwana a kan benci da daɓen falo saboda babu sauran gado. Cunkoson ya jawo nasa bala'in, domin a tsakiyar shekarun ne tarin fuka mai bijire wa magani ya ɓulla tsakanin marasa matsugunin birnin.

A cikin masaukin akwai ɗan asibitin da ma'aikatan jinya suka kafa suke gudanarwa da kansu. A 1985 wani matashin likita, Jim O'Connell, da ya gama samun horo a ɗaya daga cikin manyan asibitocin birnin, ya zo aiki a nan. Wata gogaggiyar nas, Barbara McInnis, ta sa shi ya ajiye abin awon ƙirjinsa, ya durƙusa ya riƙa jiƙa ƙafafun baƙi a ruwan magani. Hikimar ita ce, mutumin da ya yini yana yawo cikin jiƙaƙƙen takalmi, ƙafarsa ce ta fi damunsa, kuma wanda likitoci da 'yan sanda suka sha yi wa kallon raini ba zai buɗe baki ga wanda ke tsaye a kansa ba, sai wanda ya zauna a ƙasansa. O'Connell ya zo da niyyar shekara ɗaya, ya ƙare ya jagoranci shirin kula da lafiyar marasa matsuguni na Boston na tsawon shekaru gommai. A 1986 kuma Pine Street ta fara fitar da mota cikin dare, ɗauke da barguna da miya mai zafi da safa, tana bin lunguna da ƙarƙashin gadoji don neman waɗanda ba sa yarda su shiga masauki ko ana ha-maza-ha-mata.

Me zai sa mutum ya zaɓi ƙarƙashin gada a kan gado mai katifa? Wanda bai san rayuwar masauki ba zai ce taurin kai ne ko hauka. To amma a duba yadda ranar take. Ka bi layi da yamma, a caje ka, ka ajiye kayanka, ka yi wanka tare da mutanen da ba ka sani ba, ka kwanta a ɗaki guda da mutum gommai, wannan na tari, wancan na sambatu, kana barci da ido ɗaya saboda takalminka. Da sassafe a tashe ka. Ba ka da inda za ka ajiye magani, ba ka da adireshin da za ka rubuta a takardar neman aiki, mata da miji ba sa kwana wuri ɗaya. Gobe a sake. Mutum zai iya jure wannan na mako biyu. An samu waɗanda suka yi shekara goma, har ashirin, a haka.

Tun da wuri wasu a cikin ƙungiyar sun hango matsalar. Paul Sullivan ya rasu a 1983, kuma shekara guda bayan haka, a 1984, Pine Street ta buɗe gidanta na dindindin na farko a garin Brookline da ke maƙwabtaka da Boston, inda mutum 26 suka samu ɗakunan kansu tare da ma'aikatan da ke kula da su. A wani fannin, tsohon gidan haya na ɗaki ɗai-ɗai ne aka dawo da shi, sai dai wannan karon mai gidan ba riba yake nema ba. Amma shekaru da yawa wannan ɓangare ya zauna a matsayin ɗan reshe. Uwar aikin ita ce gadon dare.

Tunanin da ke mulki a lokacin shi ne na hawa tsani. Mutum zai fara daga masauki, ya daina shaye-shaye, ya karɓi magani, ya koma gidan wucin gadi, ya nuna hali nagari na watanni, sannan a ce ya cancanci ɗaki. In ya zame a mataki na uku, ya koma ƙasa. A kan takarda tsarin yana da ma'ana, har ma yana kama da adalci. A aikace kuwa, waɗanda suka fi rauni su ne ba sa taɓa kaiwa sama. Ana neman mutum ya warke daga shaye-shaye alhali yana kwana a tsakiyar mashaya, ya riƙa shan maganin ƙwaƙwalwa a kan lokaci alhali ba shi da agogo ko aljihun tebur.

Abubuwa biyu daga wajen Boston suka girgiza wannan tunani. A 1992 wani masanin halayyar ɗan'adam a New York, Sam Tsemberis, ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing, ya juya tsanin ya mai da kansa ƙasa. Ya riƙa ɗaukar mutum kai-tsaye daga titi, da ciwonsa da shaye-shayensa, ya ba shi makullin ɗaki da takardar haya, sannan a riƙa kai masa taimako har gida, in ya so ya karɓa. Sharaɗin bai wuce ya biya wani kaso na kuɗin shigarsa, ya yarda ma'aikaci ya riƙa leƙo shi ba. Tsarin da za mu iya kira "gida tukuna" ke nan. Masu suka sun ce ɗakunan za su zama kango cikin wata uku. Da aka bi diddigi, kusan mutum 8 cikin 10 sun ci gaba da zama a gidajensu.

Na biyu lissafi ne. A 1998 Randall Kuhn da Dennis Culhane suka fitar da nazarin bayanan masaukan New York da Philadelphia, suka gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu zuwa masauki sau ɗaya ko biyu suke zuwa, su yi 'yan kwanaki ko makonni, a daina ganinsu. Su ne baƙi na gaskiya, raɓar da hantsi ke ɗaukewa. Amma akwai kimanin kashi 10 da suka mai da masauki gida, kuma su kaɗai ke cinye kusan rabin kwanakin gadajen. Su ne kuma ke yawan zarya tsakanin ɗakin gaggawa na asibiti, motar ɗaukar marasa lafiya, ofishin 'yan sanda da gidan yari. Ma'ana, al'umma tana kashe maƙudan kuɗi a kan mutumin, kuma duk da haka yana kwana a titi.

Da Pine Street ta duba nata littattafan ƙarƙashin Lyndia Downie, wadda ta fara aiki a wurin a 1984 ta zama shugaba a 2000, sai ta tarar da hoto iri ɗaya: 'yan tsiraru ne ke riƙe da fiye da rabin kwanakin gadajenta. Daga nan hukumar gudanarwar ƙungiyar ta yanke shawarar da ba ta da sauƙi, wato ta karkatar da ƙarfinta daga ƙara gadaje zuwa samar da gidaje, ta fara da waɗanda suka fi daɗewa. A ganina nan ne ƙungiyar ta nuna dattaku. Gadon dare yana da daɗin nuna wa masu ba da gudummawa: ga mutum ɗari shida mun kwanar, ga kwano dubu mun raba. Gida kuwa yana cin shekaru kafin a gina, yana cin miliyoyi, kuma wanda aka sa a ciki ya ɓace daga idon jama'a, ba a ƙara ganinsa a layi balle a ɗauki hotonsa. A hankali lissafin ya juya, har gidajen ƙungiyar suka fi gadajen masaukinta yawa. Yanzu ɗakunan da take kula da su a Boston da Brookline sun kai dubu.

Iskar siyasa ma ta taimaka. Philip Mangano, wanda ya fito daga fagen wannan aiki a Massachusetts, shi ne shugaba George W. Bush ya naɗa a 2002 ya jagoranci majalisar tarayya mai haɗa hukumomi kan rashin matsuguni, kuma shi ya yayata tsarin gida tukuna a faɗin ƙasar da hujjar cewa ya fi arha. Abin lura ne cewa gwamnatin 'yan Republican ce ta fara rungumar tsarin, gwamnatin Obama ta ɗora. Inda aka zuba kuɗi sosai, wato kan tsofaffin sojoji, adadin marasa matsuguni a cikinsu ya ragu da fiye da rabi daga 2010.

Yaya irin wannan gida yake aiki? Mutum ɗan haya ne cikakke, da takarda da makulli, ba majinyaci ba. Yana biyan kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigo masa, ko albashi ne ko kuɗin tallafin naƙasa. Ragowar kuɗin hayar yana fitowa ne daga tallafin gwamnati, galibi ta shirin da aka sani da Sashe na 8, wanda aka kafa a 1974. Kuɗin ginin kansa ana harhaɗo shi daga wurare da dama: rangwamen haraji da dokar 1986 ta tanada wa masu zuba jari a gidajen masu ƙaramin ƙarfi, kuɗin birni, na jiha, bashin banki, da gudummawar attajirai da kamfanoni. Kowane da nasa sharaɗi da nasa wa'adi, shi ya sa gini ɗaya kan ɗauki shekara biyar ko fiye. Bayan kuɗin haya da kuɗin gini, ƙafa ta uku ita ce ta fi wahalar samun mai biya, wato albashin jami'in da ke bin ɗan haya: ya raka shi asibiti, ya taya shi cike takardu, ya shiga tsakani in ya saɓa da maƙwabci, ya ƙwanƙwasa ƙofa in kwana biyu ba a ji motsinsa ba. Attajiri yana son a rubuta sunansa a jikin bango. Ba kasafai ake samun mai son biyan albashin mai ƙwanƙwasa ƙofa na shekara ashirin ba.

Kuma wannan ƙafa ta uku ita ce ke riƙe da tukunyar. Pine Street tana bayar da rahoton cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan hayarta suna ci gaba da zama. Amma wani nazari da likitocin titi na Boston suka yi kan mutum 73 da aka ɗauko kai-tsaye daga kwanan waje, mafiya rauni a cikin masu rauni, ya nuna wani abu mai sanyaya jiki: bayan shekara ɗaya kashi 82 na nan a gida, bayan shekara biyar saura kashi 36, bayan goma kashi 12 kacal. Da yawa sun rasu, wasu an kore su, wasu sun yi ta sauya gida. Wanda ya shekara ashirin a titi yana da jama'arsa a can. Ka kulle shi shi kaɗai a ɗaki mai shiru, kaɗaici ya ishe shi, ko ya kwaso abokansa su cika gidan har mai gida ya kai ƙara. Babban gwajin da Kanada ta yi a birane biyar tsakanin 2009 da 2013, da mutum fiye da 2,000, ya tabbatar da cewa tsarin ya fi tsohon tsari nesa ba kusa ba wajen zaunar da mutane a gida, amma bai nuna wani babban bambanci ba wajen rage shaye-shaye. Duk mai cewa makulli kaɗai magani ne, ya faɗi abin da hujja ba ta faɗa ba. Mai cewa tsarin ya gaza shi ma haka, domin abin da aka yi alƙawari shi ne mutum zai daina kwana a waje, kuma a wannan an cika. Ga abin da ke ɗaya gefen sikelin: bin diddigin masu kwanan titi 445 a Boston na tsawon shekara goma daga 2000 ya nuna suna mutuwa kusan ninki goma a kan sauran manyan mutanen jihar.

Sai kuma maƙwabta. Kowa na son a taimaki marasa matsuguni, muddin ba a layinsu ba. A 2019 Pine Street da wani kamfanin gina gidaje marar neman riba, The Community Builders, suka gabatar da shirin gina gida mai ɗakuna 202 a titin Washington da ke unguwar Jamaica Plain, 140 daga ciki na waɗanda suka daɗe ba matsuguni. Mai wani gini da ke kusa ya shigar da ƙara, hujjarsa wurin ajiye motoci, alhali mafi yawan waɗanda za su zauna a gidan ko keke ba su mallaka ba. Ƙarar ta ci watanni kafin a sasanta. Sai a 2025 aka yi bikin buɗe ginin, aka sa masa suna Lyndia, don girmama Lyndia Downie. A tsakiyar gari kuma, tsohon ginin ƙungiyar mata ta YWCA da ke titin Clarendon an gyara shi, aka ware ɗakuna 111 ga mutanen da Pine Street ke kula da su, a ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi tsada a birnin.

Kada a ɗauka masaukin dare ya zama tarihi. A watan Oktoban 2014 hukumar birni ta rufe gadar da ke kaiwa tsibirin Long Island da ke cikin tekun gaɓar Boston cikin gaggawa saboda ta ruɓe, aka kwashe ɗaruruwan mutane daga babban masaukin gwamnati da cibiyoyin jinyar shaye-shaye da ke can cikin 'yan sa'o'i. Hunturun da ya biyo baya shi ne mafi yawan dusar ƙanƙara a tarihin birnin da aka rubuta, kusan mita uku. Masaukan cikin gari, har da Pine Street, su suka ɗauki nauyin. An rushe gadar a 2015, kuma taƙaddama da garin Quincy da ke maƙwabtaka ta hana a sake gina ta shekara da shekaru. Ana cikin haka annobar ƙwayar fentanyl ta sauka, mahaɗar titin Massachusetts da Melnea Cass, wadda ba ta da nisa da hasumiyar, ta cika da tantuna da masu allura a fili, har sai da magajiyar gari Michelle Wu ta sa aka kwashe tantunan a farkon 2022, aka sake kwashewa a ƙarshen 2023. Ƙungiyar da ta ce makomarta gida ce ba gado ba, ta tsinci kanta tana riƙe da duka biyun, ba ta isa ta saki ko ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowace ƙungiya. Ana yawan cewa ƙwaya da taɓin hankali ne ke jefa mutane titi. Su ne ke zaɓar wanda zai faɗa, amma ba su ne ke ƙayyade yawan masu faɗawa ba. Jihar West Virginia ta daɗe tana kan gaba a mace-macen ƙwaya a Amurka, amma marasa matsuguninta ba su da yawa idan aka kwatanta da California ko Massachusetts, domin haya a can tana da sauƙi. A Boston, inda masu zaɓe na jihar suka soke dokar ƙayyade kuɗin haya a 1994, ɗaki ɗaya da falo kan wuce dala dubu biyu a wata. Pine Street na fitar da mutum ɗaya ta ƙofar baya zuwa gidansa, biyu na shigowa ta ƙofar gaba, kuma da yawa cikin sababbin shigowar tsofaffi ne da ba su taɓa kwana a waje ba sai da haya ta fi ƙarfin fanshonsu. Ƙidayar da gwamnatin tarayya ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta samu mutum fiye da 770,000 marasa matsuguni a ƙasar, adadi mafi yawa tun da aka fara wannan ƙidaya. Abin da Boston za ta iya nunawa shi ne, kaso ƙalilan ne na nata ke kwana a fili, ba kamar Los Angeles ba inda mafi yawansu a waje suke.

Iskar da ta taɓa kaɗawa a bayan ƙungiyar yanzu ta juyo tana dukan fuskarta. A watan Yunin 2024 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass, ta yanke cewa birane na iya hukunta mutum saboda kwana a fili ko da babu gadon da za a ba shi. A watan Yulin 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya nemi hukumomin tarayya su daina fifita tsarin gida tukuna, su koma ga sharaɗin karɓar magani da tilasta jinya. Tsanin da aka jingine shekara ashirin da suka wuce ake son sake kafawa. Ga ƙungiya irin Pine Street wannan ba muhawarar masana ba ce, domin wani ɓangare na kuɗin hayar ɗakunan nan dubu da albashin masu ƙwanƙwasa ƙofofinsu daga asusun tarayya yake fitowa, kuma ana sabunta shi ne shekara-shekara, alhali mutanen da ke ciki an gaya musu ranar da aka miƙa musu makulli cewa ɗakin ba shi da wa'adi.